Ranar da Mai Aski Bai Goge Tabarau Ba

Duk wanda ya zauna a kujerar Mai Aski, aski biyu ake yi masa, ɗaya a ka, ɗaya a kunne. Na kan minti goma ne ya ƙare. Na kunnen kuwa sai ka miƙe, ka kakkaɓe riga, ka kai bakin ƙofa ana bin ka da shi. Kuma maganar ɗaya ce kullum, finafinan ban tsoro da masu shirya su. Shekara talatin ke nan yana kallonsu, tun zamanin kaset har aka koma faifai, kuma a faɗarsa babu fim ɗin da ya taɓa sa gabansa ya faɗi ko sau ɗaya.

"Daraktocin fim ɗin tsoro kashi uku ne," in ji shi wata rana, yana nuna talabijin ɗin da ke saman madubi da tsinin almakashi. "Na farko mahauta. Su dai a kwarara jini bokiti-bokiti, shi ke nan sun yi fim."

Mahaucin layin, wani ƙaton mutum mai sanyin hali da ke zaune a benci yana jiran layi, ya ɗago kai. "Mu kuma me muka yi maka?"

"Ba da kai nake ba. Na biyu masu buga gwangwani. Su bari wuri ya yi tsit, sai su doka maka ƙara a kunne. Wannan ba tsoro ba ne, zabura ce, ko ɓera ya iya sa ka. Na uku su ne manya, su ne nake cire wa hula. Ba sa nuna dodo. Za ka ji takunsa, ka ji numfashinsa, amma har a gama fim ba za ka sa shi a ido ba."

Mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin na Mai Aski, ya ce, "Amma wanda ka sa mana jiya, da ka ce na manya ne, ai an nuna dodon. Haƙora zaƙo-zaƙo, ya kai minti biyar yana cin mutane."

"Na jabu ka kalla."

"Tare muka kalla fa, a nan."

"To idonka ne na jabu."

Ba ƙarya Mai Aski yake yi ba, bawan Allah. Shi dai bai ga dodo ba. Yana da wani tabarau mai kauri, wanda in ya cire shi ko matarsa ba ya ganewa sai ta yi magana. To, tabaran nan yana da wata irin lalura: da zarar kiɗan fim ya canza, ƙofa ta fara buɗe kanta, sai ya yi ƙura. Dole a cire shi, a kama gefen riga a goge a natse, ba za a mayar ba sai an ji masu kallo sun sauke ajiyar zuciya. Mutanen layi sun ɗauka raini ne irin na masana, wato abin bai ma kai ya kalla ba. Shi ma da kansa, da yau da gobe, ya yarda haka ne.

A gida yana da wani ɗan ɗaki kusa da kicin, cike da kantoci har rufi. Kaset da faifai ne jere, kowanne da takarda manne a bayansa, ya rubuta makin da ya ba daraktan da hannunsa. Yana son ɗakin nan so na gaske. A nan yake wuni ranar da ba ya buɗe shago, matarsa na gefe tana ɗinka maɓallai. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, wani ɗan busasshen tari da take yi a tsakiyar fim. Ya sha ce mata ta nemi magani.

Ita kuwa tela ce, kuma shekara da shekaru a lungun falo take aiki. Yadi a kan kujera, zare a ƙarƙashin tebur, masu kawo ɗinki ba su da wurin gwaji sai bayan labule. Ranar da Mai Aski ya dawo ya zauna daram a kan allura, ya miƙe yana faɗa, sai ta ajiye almakashi.

"Baban yara, ɗakin can nake so. Yana da taga, yana da ƙofa. Kaset ba sa buƙatar haske, ni ina buƙata."

"Ɗakin nazari? Kin san abin da ke ciki kuwa? Daraktocin yanzu da za su samu sati ɗaya a ɗakin nan, da sun daina ba mu kunya."

"To kai da ka fi su sani, me ya hana ka yi naka?"

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma Mai Aski bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

"Sati biyu! Ki ba ni sati biyu, in yi fim ɗin da zai hana layin nan shiga banɗaki su kaɗai."

"Na ba ka. A nuna shi a shagonka. In mutum ɗaya ya yi ihu don tsoro, ɗaki naka ne har abada, ba zan sake magana ba. In ba a samu ba, keken ɗinki ya shiga, kaset su koma kwali a ƙarƙashin bene."

Ƙarƙashin bene kuwa nan ne ruwa ke tsattsafowa. Amma Mai Aski ya daki ƙirji. "Mutum ɗaya kawai? Kuma ki cire ni a lissafi, don ni tsoro bai san hanyar gidana ba."

"Na cire ka," in ji ta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Washegari ya raba aiki. Mai gyaran waya ya ba da aron waya mai kyamara mai kyau, kuma shi zai haɗa hotunan. Ƙanwar matarsa, wadda nas ce a asibiti, ita ce matar da dodo zai kama. Dodo kuwa ba sai an yi neman nesa ba, ga Mahauci.

"Ba kai ka ce manya ba sa nuna dodo ba?" in ji Mahauci. "To ni me zan yi a ciki?"

"Za a nuna ka kaɗan-kaɗan. Mutanen layin nan ba su kai matsayin da za a ɓoye musu dodo ba tukuna."

Fim ɗin tsoro duhu yake so, amma Nas aikin dare take yi, Mahauci kuma da rana ta faɗi ya fara gyangyaɗi. Sai aka tsayar da ƙarfe biyu na rana, a cikin ɗakin kaset. Aka toshe taga da barguna uku, aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Aka shafe fuskar Mahauci da fulawa, aka zuba masa tumatirin gwangwani daga baki zuwa ƙirji, aka ba shi tocila ya haska haɓarsa, aka cusa shi cikin tsohon kabad.

Labarin ba shi da wuya. Mace ta shigo ɗaki, ƙofa ta yi kuka, ta ji numfashi, kabad ya buɗe, ta ƙwalla ihu.

Nas ta turo ƙofa. Ƙofa ta buɗe sumul, ko ƙis.

"Tsaya! Ina kukan? Shekara goma ƙofar nan tana kuka!"

Daga falo matarsa ta amsa, "Na sa mata man keke jiya. Ba na son ƙara a wurin aikina."

"Bai zama wurin aikinki ba tukuna!"

Ya umarci Mahauci ya yi kukan ƙofa daga cikin kabad. Mahauci ya yi iya ƙoƙarinsa. Ba a yi minti biyu ba tsohuwar da ke zaune a saman bene ta sauko tana dogara sanda, tana tambaya wa ya kawo rago cikin gidan haya. Da ƙyar aka lallaɓa ta ta koma. Daga nan Mai Aski ya karɓi aikin kukan ƙofa da bakinsa.

Kafin a sake shiri zafi ya yi aikinsa. Da aka buɗe kabad a duba dodo, fulawa ta haɗu da gumi ta zama ƙulli, tana zazzagowa daga girarsa. Nas ta sa yatsa ta lakato jan da ke ƙirjinsa ta sansana.

"Yaya, jini ba ya ƙamshin miya."

"A fim ba a jin ƙamshi."

"Kuma wanda ya zubar da jini haka ba ya bin mutane, kwanciya yake yi a sa masa ruwa."

"Ke dai ki yi ihu in ya fito."

"Ihun me? Makon jiya na auna masa hawan jini. Dodo, kana shan maganin kuwa?"

"Ina sha, ranki ya daɗe," in ji dodo cikin ladabi.

Aka sake fenti, aka sake rufe kabad. Wuri ya yi tsit. Nas ta shigo tana sanɗa, Mai Aski ya yi kukan ƙofa, numfashi ya fara fitowa daga kabad. Sai waya ta yi ƙara a ciki, aka ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Tsoka zalla ko da ƙashi? To a ba ni awa ɗaya, ina wani ɗan aiki."

Mai Aski ya ƙwace wayar ya kai kicin, ya dawo yana huci. A karo na gaba komai ya tafi daidai, kuma nan ne matsalar ta soma. Ɗaki ya yi duhu ƙirin. Numfashin Mahauci, wanda da ma zafi ya sa ya yi nauyi, ya cika ko'ina. Ƙofar kabad ta fara motsi a hankali, wani farin haske ya ɓullo ta tsagar, sai yatsu huɗu jajaye suka kama bakin katako. Mai Aski ya san Mahauci ne. Shi ya shafa masa fulawar da hannunsa. Amma tabaransa bai san haka ba. Nan take ya yi ƙura.

Goge tabarau hannu biyu yake so, ga kuma waya a hannun dama tana ɗauka. Sai ya haɗa su duka ya yi ta gugar, har ya ji Nas ta ce, "Wayyo," kamar mai amsa sallama.

"Ya yi kyau," in ji shi, yana mayar da tabarau. "Amma a sake."

Sau bakwai aka sake, sau bakwai tabarau ya yi ƙura. A na takwas ƙofar kabad ta cije. Mahauci ya tura, ta ƙi. Iska ta fara yi masa kaɗan, ya sa kafaɗa da ƙarfinsa na mai saɓa cinyar bijimi. Ƙofar ta ɓalle gaba ɗaya, ƙusa ta kama shi a cinya, ya fito da wani ruri wanda ba na wasa ba. Mai Aski kuwa tun kabad na jijjiga ya dire wayar a kan kanta, ya ce bari ya duba ko an bar ruwa a wuta, ya fice. Bai dawo ba sai da ya ji an yaye barguna.

Da yamma Mai gyaran waya ya leƙo shago. "Darakta, ka zo ka ga abin da ka ɗauka kafin in haɗa. Akwai abin da ya kamata ka gani."

"Ƙananan daraktoci ne ke komawa duba aikinsu. Ni fim ɗina yana nan," ya nuna goshinsa. "Ka jera su yadda aka ɗauka, kada ka yanke ko daƙiƙa ɗaya. Na san halinku, ku lalata aikin mutum ku ce gyara ne."

"Ko daƙiƙa ɗaya?"

"Ko rabinta."

Mai gyaran waya ya ce to, ya tafi yana danne dariya.

Ranar Asabar da la'asar aka ja ƙofar shago aka rufe. Mutum ya kai talatin a ciki, wasu a benci, wasu a tsaye, tsohuwar saman bene a kujerar gaba. Matar Mai Aski ta zo da tef ɗin awo rataye a wuya, abin da mijin ya ga bai dace ba ko kaɗan. Ya tsaya gaban madubi ya yi jawabi. Ya ce masu ciwon zuciya su fita tun yanzu, mai juna biyu ta koma gida, wanda ya suma kuma ga Nas. Sannan ya koma gefen kujerar aski ya harɗe hannu.

Fim ya fara. Ƙofa ta buɗe, aka ji kukanta, wani daga baya ya ce, "Wannan ƙofar muryar Mai Aski gare ta." Aka yi 'yar dariya, ya yi kamar bai ji ba. Numfashi ya fara, kuma gaskiya shagon ya yi shiru. Ƙofar kabad ta motsa, yatsu jajaye suka fito. Wata mata ta kama hannun maƙwabciyarta. Zuciyar Mai Aski ta yi fari, har ya fara hango keken ɗinki yana tsufa a falo. Shi dai ya cire tabarau yana gogewa, yana jiran ihu.

Abin da ya ji dariya ce.

Ya mayar da tabarau da sauri. A talabijin babu kabad, babu dodo. Hoto ya karkace, ga gefen riga yana kai da komowa, ga kuma wata fuska an ɗauko ta daga ƙasa, hanci ya cika rabin allo, idanu a runtse gam, leɓe yana rawa. Murya kuma tana fita raɗau: "Ya Allah ka raba mu, ya Allah ka raba mu, ya Allah ya wuce."

Tsohuwar saman bene ta matso da kai ta ƙura ido. "Wannan shi ne dodon? Ai kuwa ya yi kama da Mai Aski."

Shago ya kece da dariya. Kafin a farfaɗo, fim ya koma farko, ƙofa, numfashi, yatsu, sai ga hancin nan ya dawo. A karo na uku mutane suka fara bin addu'ar tare da shi. A na biyar Mahauci ya zame daga benci yana riƙe ciki.

"Ashe ƙurar ke nan!" in ji wani direba da ya shekara goma yana aski a wurin. "Shi ya sa manya ba sa nuna dodo!"

"Salo ne," in ji Mai Aski. "Ana nuna tsoro a fuskar mutum, ba ku san fim ba ne."

"To ga na takwas nan," in ji Mai gyaran waya. "Wannan ka ɗauke shi da kyau, don ba ka nan."

Numfashi ya sake tashi. Kabad ya fara jijjiga. Hannun Mai Aski ya tafi wajen tabarau da kansa, sai ya lura babu mai kallon talabijin. Ido sittin na kansa. Ya sauke hannun a hankali, ya sa a aljihu, ya damƙe. Kunya ta hana shi runtse ido, don Nas ta zo ta tsaya dab da shi tana leƙen fuskarsa.

Ƙofar kabad ta ɓalle. Wayar da ya dire a kan kanta ta samu wurin zama mai kyau, ta ɗauki komai. Wani abu fari, jiƙe da ja, ya fito da ruri, ya yi tangaɗi, ya nufo allo, ya sunkuyo har fuskarsa ta cika talabijin, ido jajur, fata tana zazzagowa. A karo na farko cikin shekara talatin, Mai Aski ya ga dodo.

Ihun da ya yi sai da masu wucewa a titi suka tsaya. Ya daka tsalle ya haye kujerar aski, kujera ta juya da shi sau biyu ta kwanta baya, gwangwanin hoda ya kife masa a ka. A talabijin kuwa dodon yana cewa, "Ina Daraktan ya shiga? Nas, duba mini cinyar nan."

Mai Aski ya miƙe fari fat, ya fi dodon fari. Amma bakin nan bai mutu ba.

"An yi ihu! Kowa shaida ne, mutum ɗaya ya yi ihu! Ɗaki nawa ne!"

"Cikin 'yan kallo aka ce," in ji direba.

"To ni ba kallo nake ba?"

"Yau dai ka fara, Yaya," in ji Nas.

Matarsa ba ta yi dariya da ƙarfi kamar sauran ba. Ta zare tef daga wuya tana naɗewa a yatsa. "Baban yara, da bakinka ka ce in cire ka a lissafi. Na kuwa cire ka."

Washegari keken ɗinki ya shiga ɗaki, Mahauci ne ma ya ɗauko shi yana ɗingishi. Mai Aski ya zo da kwalaye, ya tsaya gaban kantocinsa. Ya ɗauko kaset na farko da ya taɓa saye, ya karanta makin da ya rubuta tun yana saurayi. Dariyar jiya ta yi masa ciwo, amma wannan rabuwar ta fi ta.

"Mayar da shi," in ji matarsa, tana zura zare a allura. "Taga nake so da wurin keke. Kantocin ba su tare mini haske ba. Kwalayen dai ka bar mini, zan zuba ƙyallaye."

Ya juyo yana kallonta.

"Sa mana wani mu gani," ta ce. "Na manyan."

Ya sa. Ya zauna a ɗan wurin da ya rage tsakanin keke da bango. Ba a jima ba kiɗa ya canza, wata ƙofa ta fara buɗe kanta. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a rabin hanya, ya saci kallonta.

"Cire abinka," ta ce, ba ta ko ɗago daga ɗinkin ba. "In ya wuce zan yi tari."

"Tari?"

"Shekara ashirin da shida, Baban yara. Kai duk a zatonka mura nake yi?"